Ranar Girkina Mijina Ya Rasu, Kwalbar Fitsari Ce Ta Wanke Ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Gombe ce, kuma duk wanda ya zauna a cikin gari wajen 2019 ƙila ya taɓa jin labarina a majalisa ko a gidan biki ba tare da ya sanni ba, wato amaryar nan da akace ta zuba ma mijinta fiya-fiya a miya. Toh ni ce. Zargin ya zaga har Kumo har Bajoga, amma da gaskiya ta fito ko unguwarmu labarin bai gama zagawa ba, shi yasa nace bari in rubuta da kaina. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda ya gane ni kuma dan Allah ya rufa min asiri ya ɗauki abinda zai amfane shi kawai.

A hannun kakata na tashi, wacce ta haifi mamana, a wani ƙauye can ƙasar Dukku, Dada muke ce mata. Ba boka bace ba kuma 'yar bori ba, tsohuwa ce dai da ta san itatuwa, mata na zuwa karɓar maganin shawara da saiwar wankan jego a wajenta. Rabin tarbiyyar da ta min duk a kan kar ki taɓa wancan ne. Zaƙamin da ke fitowa a juji bayan gida, mai farin fure da 'ya'ya masu ƙaya, wanda wasu ke ce ma haukata yaro, ko kusa da shi bata bari mu yi wasa. Ruwan tumfafiya kar ya shiga ido. Idon zakara, jajayen ƙwayoyin nan masu ɗigon baƙi da muke tsinta muna tarawa, ranar da ta ganni da ɗaya a baki sai da ta sa yatsa ta zaƙulo shi sannan ta zane ni. Ita ta bani labarin kwankwani da maharba ke haɗa dafin kibiya da shi, da gwaska da mutanen da suke shayar da wanda ake zargi, in ya amayar ya rayu ace mai gaskiya ne, in ya mutu ace dama shi ne. Lokacin a matsayin tatsuniya nake jinsa.

Bayan na gama sakandare aka min aure da Alhaji, ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, yana bin kasuwannin ƙauye yana sayo masara da wake da riɗi yana lodi zuwa kudu. Ni ce ta biyu. Uwargidansa Adda nake ce mata, ta girme ni nesa ba kusa ba, tana da 'ya'ya manya, ni kuma ina goyon 'yata ta fari. Ba zan ce muku mu ƙawaye bane, zaman kishi ne irin na kowa, yau a yi dariya gobe kowa ta saki labulenta, amma bamu taɓa zage-zage ba, kuma Alhaji Allah Ya jiƙansa mutum ne mai adalci, in ya sayo atamfa to biyu ce iri ɗaya.

Cikin bazara abin ya faru, watan Afrilu, irin zafin nan na Gombe da ke haura digiri 40, kuma ranar girkina ce. Tuwon masara na yi da miyar kuka da man shanu tunda shi yafi so. Bayan magariba naji ƙarar motarsa, abinda ya fara bani mamaki yaronsa ne ke tuƙi alhali Alhaji baya ba kowa sitiyari. Yaron nan ya daɗe a hannunsa, a gidanmu yake cin abinci, yara kawu suke ce masa. Ya riƙo shi har zaure yace min "Anti, rana ce fa ta bugi Alhaji yau, tun a hanya yake cewa jiri," ya miƙo makulli ya tafi abinsa.

Yana shiga ɗaki ruwa ya fara nema, ya sha ya ƙara ya ƙara yana cewa maƙogwaronsa ya bushe. Na taɓa jikinsa zafi zau amma babu ɗigon gumi ko ɗaya, a daren da ni rigata ta jiƙe sharkaf. Yace in kashe ƙwan lantarki yana damun idonsa. Na kawo tuwo ya kai loma bakinsa ya kasa haɗiyewa dan babu yawu, ya ɗan taɓa ya ture kwanon. Daga nan sai sambatu, yana tsintar wani abu a jikin zanin gado wanda babu shi, yana ƙirga buhuna, yana kiran mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa, ya miƙe zai fita ya zube. Na ƙwala ma Adda kira. Maƙwabta suka shigo wannan yace iska ce a yi ruƙiyya, wancan yace sanƙarau ne tunda lokacinsa ne, aka yi tofi aka shafa masa, dare na ta yi. Adda ce ta daka tsawa tace a tada mota.

Kafin mu gama yankar kati a asibiti danginsa sun cika wajen, kuma a nan na fara jin maganar. Ƙanwarsa ta tambaya me ya ci, akace tuwon amarya, ta juyo ta min wani kallo, shikenan. Tun labarin nan na jihar Kano na 2014 na yarinyar da akace ta sa ma angonta shinkafar ɓera, duk namijin da ya faɗi ranar girkin amarya to mutane sun riga sun gama shari'a a ransu. Suka rufe likita da hayaniya wai fiya-fiya ce, a yi masa allurar fiya-fiya.

Likitan matashi ne mai sanyin magana. Ya haska idon Alhaji da tocila ya daɗe yana kallo, ya sa hannu a hammatarsa, ya danna mararsa, sannan yace ma ƙanin Alhaji "Yallaɓai, wanda ya sha fiya-fiya ɗan baƙin tsakiyar idonsa tsukewa yake, yawu da kumfa su yi ta zuba, gumi ya jiƙa shi, ƙirji ya cika da majina. Wannan nasa idon a buɗe yake wangale, baki a bushe, fitsari ya taru ya ƙi fita, zuciya na gudu. Allurar da kuke cewa in na yi masa ƙara masa zan yi." Sai can daga baya na gane nauyin wannan maganar, dan allurar da ake ma mai fiya-fiya sunanta atirofin, kuma atirofin ɗin yana cikin dafin da zaƙami ke ɗauke da shi.

Aka sa masa robar fitsari aka ɗaura ruwa, ana ta jiƙa tawul ana shafa masa. Likitan ya ɗebi jini, ya tari fitsarin farko da ya fito a wata kwalba mai murfi, ya rubuta suna da kwanan wata da ƙarfe nawa ne, ya manne bakin da filasta ya sa hannu a kai, yace ma nas ta kai firij kar a zubar ko me ya faru. Ina tsaye bakin ƙofa da goyo ina kallo, wallahi ban ɗauke shi a bakin komai ba. Alhaji dama yana da hawan jini, ga zafin jiki ya ƙi sauka tunda jikin ya daina gumi, ya fara jijjiga, daga nan bai ƙara sanin inda yake ba. Ana kiran assalatu ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Likita ya ja manyan gefe yace mutuwar nan bata kwanta masa ba, ya kamata a sanar da hukuma a duba gawar kafin a rufe. Suka ce ba za a yanka musu ɗan uwa ba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Abinda har yau yake ci min rai shine mutanen da suka hana a duba gawar su ne dai suka tafi wajen 'yan sanda bayan sadakar uku suka ce ni na kashe shi. Ina zaune kan tabarmar takaba aka zo aka tafi da ni, 'yata na tsala ihu a hannun Adda.

Zaman sel ba zan tsaya a kansa ba, abinda zan faɗa kawai shine nono na zuba yana jiƙa min riga ga tambaya ɗaya ana ta maimaita min, me kika sa a miya, wa ya baki, ance kakarki mai magani ce. Kun ji fa, Dada da ta ƙare rayuwarta tana hana mu taɓa guba ita ce ta zama hujja a kaina. Wata dattijuwa a danginsa tace a kai ni in dafa Alƙur'ani, nace na yarda ko yanzu, wata tace ai mai farar ƙafa bata tsoron rantsuwa. Kuma akwai wani abu da wanda bai taɓa shiga zargi ba ba zai gane ba, in mutane suka yi ta faɗa maka abu har kai ma sai ka fara tuhumar kanka. Cikin dare sai in zauna ina bin girkin nan ɗaya bayan ɗaya, ko kukar ce ta lalace, ko daddawar, ko na ajiye tukunya kusa da inda Alhaji ke ajiye maganin ƙwarin wake. Mamana ta zo ta riƙe hannuna tana kuka tace "ki faɗa min gaskiya ni na haife ki," wannan tambayar tafi duk zagin da aka min zafi, kuma ban ga laifinta ba, gari gaba ɗaya ne a kanta.

Yayana, Hamma, malamin firamare ne, shi ya yi ta zirga-zirga har aka bada belina. Dangin Alhaji suka ce ba zan koma gidan ba, Adda tace a ɗakina zan yi takaba kamar yadda addini yace, wanda bai yarda ba ya fara fitar da ita tukun. Daren da na dawo ta shigo ta zauna bakin gadona tace "Ke, ni ban ce kin yi ba ban kuma ce baki yi ba. Yarana sun ci tuwon nan daga tukunya ɗaya babu abinda ya same su, sun ce a kwanonsa kaɗai kika zuba, toh kwanon yana nan." Ashe da safen da muka dawo da gawa ta sa babbar 'yarta ta rufe kwanon tuwon da na miyar yadda ya bar su, ta ɗaure a leda ta kai gidan maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara aka sa a firiza. Tace "uban 'ya'yana ne, ina so in san abinda ya kashe shi, ko ke ce ko ba ke ba." Ban taɓa jin maganar da ta kwantar min da hankali irin wannan ba, duk da bata wanke ni ba, dan ita kaɗai ce a gidan take neman sani.

Ana shirin rabon gado aka sa ɗan Adda ya wanke motar dan masu saye su gani, sai ya ciro wata gorar roba a ƙarƙashin kujera, da sauran fura ta bushe a gindinta. Ya kawo tsakar gida zai wurgar, na karɓa na leƙa, gabana ya yanke ya faɗi. Akwai wasu ɓarɓashin ƙwayoyi da suka yi kama da 'ya'yan barkono, wanda bai sani ba zai ce yajin fura ne, amma ni a bayan ɗakin Dada na girma. Na rasa yadda zan yi. In nace zaƙami ne za a ce kun gani ta san shi, ita ta haɗa, in na yi shiru kuma ƙila hanyar da Allah Ya buɗe min kenan na toshe. Na kwana ina sallah ina kuka, da safe na kira Adda da Hamma na faɗa musu a tare, nace ko wannan zai sa a ƙara kama ni gara a kama ni a kan gaskiya.

Hamma ya tafi ya nemo likitan nan. Yace tun daren shi ma zaƙami ya zarga kuma ya rubuta a fayil, kwalaben ma suna nan, ma'aikacin lab ɗin ya mayar da su firiza yana ta lallaɓa su duk da ɗauke wutar da ake. Allah Ya saka ma bayin Allah nan biyu da Aljanna. Shi ya ma Hamma bayani cewa gwajin da muka saba na maleriya da taifot da suga ba ya ganin dafin tsiro ko kaɗan, sai an kai inda ke da na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin jini ko fitsari ɗaya bayan ɗaya tana auna nauyin kowanne, kuma ko a can sai an faɗa musu abinda ake zargi su neme shi, in ba haka ba su duba ƙwayoyin maye da maganin ƙwari su rubuto babu komai. Aka yi takardu, aka liƙe kwalaben da kwanukan da gorar kowanne daban, aka sa a kula da ƙanƙara, ɗan sandan da ke riƙe da kes ɗin ya raka su har Legas. Kuɗin gwaji da na mota duk a kanmu ya faɗo, Hamma ya sayar da bijimin da yake kiwo dan auren 'yarsa.

A tsakanin nan aka fara maganar ƙila sai an tono gawa, hankalin kowa ya tashi har ni. Hamma ya je wajen wani malami a unguwarsu, malam yace hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye ingantacce ne kuma dan a kare mutuncin gawa ya zo, amma malamai sun yi magana a kan lalura, har majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, da ta zauna a Makka a 1987 ta halatta binciken gawa in alƙali na buƙatar sanin musabbabin mutuwa a shari'ar kisa. Yace barin rayayye cikin zargin jinin da bai zubar ba shi ma zalunci ne. Allah Ya taimaka ba a kai ga tonon ba.

Na gama wata 4 da kwana 10 na takaba sakamako bai fito ba. Na fita takaba amma ban iya fita ƙofar gida ba, ko kitso sai Adda ta min. In na aika yaro sayo abu a shago sai mai shago ya tambaye shi daga ɗakin wa.

Ranar da aka kira mu, a gaban ƙanin Alhaji da Hamma da Adda aka karanta takardar. A fitsari da jini an samu atirofin da sikofolamin, dafin zaƙami kenan. A gorar fura an samu su duka biyun, kuma ɓarɓashin da aka duba a madubin lab na ƙwayar zaƙami ne. A tuwo da miya ba a samu komai ba. Na ɗauka ranar zan yi guɗa, wallahi ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata, dan abinda ya faɗo min shine ashe tun kafin ya tako zaure dafin na cinsa, ƙishin nan da hasken da ya dame shi duk shi ne, mu kuma muna zagaye da shi muna musun ko iska ce ko sanƙarau.

Daga nan bincike ya koma kan wanda ya yini da shi. Abokan kasuwancinsa suka ce ranar Alhaji ya karɓi kuɗin lodi masu yawa a hannu, yaron kuma tun farko ya ce ma iyali wai an biya manoma da su, manoma suka ce basu ga ko sisi ba, ga sabon babur ya saya ya ajiye a garinsu. Da aka matsa ya faɗi komai. Yace shi bai yi niyyar kisa ba, ya ga samari na zuba shi a kunu ko zoɓo a wajen biki, mutum ya yi haukarsa na kwana ɗaya ko biyu ya farka bai tuna komai ba, shi ma so yake Alhaji ya rikice ya manta lissafin kuɗin. Mantuwar gaskiya ce, sikofolamin na goge abinda ya faru a ƙwaƙwalwa, shi yasa ɓarayi ke sonsa. Amma ƙarfin dafin ba ɗaya bane daga wannan tsiron zuwa wancan, har a tsiro ɗaya yana canzawa da yanayi, babu mai iya auna shi da ido, ga dattijo mai hawan jini ga zafin Afrilu. Samarin da ke wannan wasan a gidajen biki su sani da rai suke wasa.

A kotu na ga amfanin filastar nan da sa hannun likita. Yaron ya janye maganarsa yace tilasta shi aka yi, lauyansa kuma ya kama gorar yace ta daɗe a mota, ta bi hannun yaro ta bi hannun wacce ake zargi da farko, wa ya san wanda ya zuba abu a ciki. Gaskiya a nan ya samu ƙofa. Sai ya koma kan fitsarin yace ai atirofin allura ce da kowane asibiti ke da ita, ƙila su suka yi masa. Likita ya tashi da fayil ya nuna ba a yi masa ita ba, ga lokacin da aka ɗebi fitsarin a rubuce, ga sunan duk wanda kwalbar ta bi ta hannunsa har Legas, sannan yace allurar asibiti atirofin ce zalla, bata zuwa da sikofolamin, in ka gansu tare to daga tsiro suka fito. Da likitan nan ya biye ma hayaniyar dangi a daren, da ya ƙara ma mara lafiya dafi ya kuma ɓata hujjar gaba ɗaya. Shari'a ta ja sosai, ɗage yau ɗage gobe, a ƙarshe aka same shi da laifin sata da kisan da ba na ganganci ba, yana gidan yari.

Mahaifiyar Alhaji ta aiko aka kira ni, ta kama hannuna tace "'yata ki yafe min, zafin rashin ɗa ne," na yafe mata har zuciyata. Ƙanwarsa har yau in mun haɗu a sabga kauda kai take. Tumunin takaba muka raba ni da Adda, da nawa kason na nemi makarantar koyon aikin lafiya ta Kaltungo na karanci aikin lab, Adda ta riƙe min 'yata har na gama. Yanzu a wani ƙaramin asibiti nake aiki, kuma duk abinda ya shafi guba na kan bi shi in karanta kamar an aiko ni.

A karatun nan na gane ba mu kaɗai muka sha wannan wahalar ba. A Turai ma an daɗe ana ganin dafin tsiro baya barin shaida a gawa, har sai 1850 da wani mai sarauta a Beljiyam ya kashe ɗan uwan matarsa da nikotin da ya tace daga ganyen taba, wani masanin sinadarai mai suna Jean Stas ya yi ta aiki a kan kayan cikin mamacin har ya fitar da nikotin ɗin, aka yanke ma mai laifin hukuncin kisa a 1851. Kafin zuwan na'urori ma, in ana zargin dangin zaƙami akan ɗiga abinda aka tace a idon kyanwa, in baƙin idon ya buɗe to akwai shi. Zurma da muke gani a bayan gidaje, dafinta risin shi ake ganin an kashe wani marubuci ɗan Bulgeriya, Georgi Markov, da shi a Landan a 1978. Tumfafiya da kwankwani kuma zuciya suke kamawa, dafinsu dangin maganin zuciyar nan ne digoksin, sai mutum ya yi ta amai bugun zuciyarsa ya rikice, in ya mutu ace ciwon zuciya ne a rufe shi. Wanda yafi tsaya min a rai shine waken Kalaba, wanda a da mutanen can suke shayar da wanda ake zargi da maita irin yadda Dada ta bani labarin gwaska. Daga jikinsa aka fitar da fisostigmin a 1864, kuma shi ne makarin dafin zaƙami. A ƙasarmu tsiron yake amma ba kasafai zaka samu allurar a asibitocinmu ba. Ranar da na karanta wannan rufe littafin na yi na fita waje.

Abinda nake roƙon mutanenmu, musamman maza masu yanke shawara ranar mutuwa, ba cewa nake a ajiye gawa kwana da kwanaki ba, ni ma Musulma ce na san falalar gaggauta jana'iza. Amma ba kowane bincike ne sai an yanka ba. Da sirinji kawai likita zai iya ɗiban jini daga jijiyar cinya, ya ɗebi fitsari daga mara, ya ɗebi ruwan cikin ido wanda shi yafi jinkirin lalacewa, kafin a gama haƙa kabari an gama. In mutum na da rai ma a roƙi likita ya ajiye jini da fitsarin farko, dan dafi irin na zaƙami ta fitsari yake fita, in aka yi jinkiri ba a samunsa. Sauran abinci, amai, kofi, gora, ƙullin magani, kar a wanke kar a zubar, kowanne a ledarsa a sa a sanyi, kuma a miƙa ma hukuma da wuri a rubuta wanda ya bayar da wanda ya karɓa, kar ya yi ta yawo a hannu irin gorarmu. In za a kai gawa mutuware kuma a ɗebi samfur kafin a yi mata allurar hana ruɓewa, dan wannan ruwan yana ɓata gwajin. A wajen aikina in aka kawo wanda ya rikice haka kwatsam ido a buɗe jiki a bushe, ko ba a sa ni ba sai na je na roƙi mai duba shi a tari fitsarin, abokan aikina har sun saba.

Har yanzu gida ɗaya muke da Adda, ban ƙara aure ba, an nema amma duk wanda ya zo sai wata a danginsa ta tono tsohon zance. 'Yata tana firamare yanzu. Kwanakin baya ta dawo daga islamiyya ta ƙi cin abinci, da ƙyar ta faɗa min wai wata yarinya tace mata mamarki ce ta kashe babanki. Na rasa bakin magana, na shiga ɗaki na ciro kwafin takardar lab da ta hukuncin kotu daga ƙasan akwati ina tunanin ta ina zan fara ma yarinya ƙarama bayanin sikofolamin. Adda ta fizge takardun daga hannuna ta zura hijabi ta kama hannun 'yar tace "tashi ki nuna min gidansu," ta je ta samu uwar yarinyar da kishiyoyinta a tsakar gida ta sa ɗansu ɗan sakandare ya karanta musu tun daga farko har ƙarshe yana fassarawa, bata taso ba sai da uwar ta biyo ta har ɗakina ta bani haƙuri. Dan Allah duk wanda ya karanta ya sa Alhaji a addu'a, ya sa Adda da Hamma da likitan nan.